BABI NA HUƊU: LOKUTAN AUNA YAWAN ƘWAYAR CUTA A JININ MAI SHAN MAGANIN CIWON HANTA NAU'IN C

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin hanyoyin kamuwa da ciwon hanta nau'in C da irin ɓarnar da yake yi wa hanta. A wannan babi kuwa za a dubi wata tambaya da majiyyata kan yi wa likita da zarar an ɗora su a kan magani, wato sau nawa ya kamata a ɗebi jininsu a auna yawan ƙwayar cutar. Tambayar ba ƙarama ba ce, domin awon yana da tsada, kuma ba kowane asibiti ne yake da na'urar yin sa ba. Idan aka yawaita shi ba bisa dalili ba, an ɗora wa majiyyaci nauyin da zai iya sa ya yar da magani a hanya. Idan kuma aka tsallake shi a lokacin da ya wajaba, mutum zai ɗauka ya warke alhali cutar tana nan tana cin hantarsa a ɓoye.

Domin amsa wannan tambaya, za a fara da bayyana ma'anar awon kansa. Daga nan sai a waiwayi yadda ake yin sa a zamanin allurar intaferon, sa'annan a kawo sauyin da sababbin magunguna suka haifar da lokutan da masana suka tsayar a yau. Daga ƙarshe za a dubi yadda al'amarin ya shafi Nijeriya.

4.1 Ma'anar Awon Yawan Ƙwayar Cuta

An gano ƙwayar cutar da ke haddasa ciwon hanta nau'in C a shekarar 1989, kuma a shekarar 2020 aka ba Harvey Alter da Michael Houghton da Charles Rice lambar yabo ta Nobel saboda wannan aiki. Gwaje-gwaje iri biyu ake yi a kanta, kuma jama'a da dama ba sa bambance su.

Na farko shi ne gwajin garkuwa. Wannan gwaji yana neman sinadarin kariya da jiki ke ƙerawa ne idan ƙwayar ta shige shi. Abin da yake nunawa kawai shi ne mutum ya taɓa gamuwa da cutar. Ba ya iya faɗin ko tana jiki har yanzu, domin kuwa kimanin kashi 30 cikin 100 na waɗanda suka kamu jikinsu kan kawar da ita da kansa cikin wata 6 ba tare da magani ba, amma alamar garkuwar takan zauna a jininsu.

Na biyu shi ne awon yawan ƙwayar cuta, wanda shi ne ginshiƙin wannan babi. A nan ana neman ƙwayar kanta ne, ta hanyar gano sinadarin gadonta da ake kira RNA, ana amfani da fasahar PCR wadda take ninninka ɗan abin da ke cikin jini har ya kai a iya ƙirga shi. Ana rubuta sakamakon da ma'aunin ƙasa da ƙasa da ake taƙaitawa da IU, a cikin kowace mililita ɗaya ta jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta tsayar da wannan ma'auni a shekarar 1997, domin sakamakon ɗakunan gwaji daban-daban ya zo daidai da juna. Na'urorin yanzu suna iya ƙirga ƙwayar ko da ba ta wuce IU 10 zuwa 15 a mililita ba. Saboda haka sakamako kan fito ta ɗayan fuska uku: ko dai a rubuta adadi, ko a ce an ga ƙwayar amma ba ta kai a ƙirga ba, ko kuma a ce ba a gan ta ba sam.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a riƙe game da wannan adadi. Da farko dai ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wani bincike da aka wallafa a shekarar 1998 ya ƙiyasta cewa jikin mai ɗauke da cutar yana samar da ƙwayoyi kimanin tiriliyan ɗaya a kowace rana, kuma kusan haka yake kawarwa. Ke nan idan awon yau ya nuna 900,000, na wata mai zuwa ya nuna 1,400,000, wannan bambanci bai isa a ce ciwo ya ƙaru ba. Na biyu, yawan ƙwayar ba ya nuna girman ɓarnar da aka yi wa hanta. Ana samun mai miliyoyi a jininsa amma hantarsa da sauƙi, ana kuma samun mai ɗan kaɗan wanda hantarsa ta riga ta taurare. Lafiyar hanta da wasu gwaje-gwajen ake gane ta, kamar awon sinadaran hanta a jini da hoton ciki da na'urar FibroScan.

4.2 Yadda Ake Awo a Zamanin Intaferon

Ba za a fahimci dalilin da ya sa wasu har yanzu suke ganin dole ne a yi ta awo ba sai an koma ga tsohon magani. A shekarar 1991 aka amince da allurar intaferon a Amurka domin wannan ciwo, ana yin ta sau 3 a mako. A shekarar 1998 aka haɗa ta da ƙwayoyin ribabirin, sa'annan a 2001 aka samu ingantacciyar intaferon da ake yi sau ɗaya a mako. Ƙwayar cutar tana da rukunoni, manya daga ciki guda 6 ne. Mai rukuni na 1 yakan yi mako 48 a kan magani, kuma waɗanda suke warkewa ba su wuce kashi 40 zuwa 50 cikin 100 ba. Masu rukuni na 2 da na 3 kuwa mako 24 suke yi, kuma sun fi samun nasara.

Wannan magani yana da wahalar gaske. Yana kawo zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da kasala da ƙarancin jini da ƙuncin rai, ribabirin kuma yana cutar da ɗan tayi. Ganin cewa kusan rabin majiyyata za su sha wannan wuya ne a banza, sai likitoci suka tsara lokutan awo domin su gane tun da wuri wanda maganin zai yi wa aiki. Lokutan su ne kamar haka:

(a) Kafin fara magani, domin a san adadin da aka tashi da shi.

(b) Mako na 4. Wanda ba a ga ƙwayar a jininsa ba a wannan lokaci yana da kyakkyawan zaton warkewa, kuma akan rage wa wasu tsawon magani.

(c) Mako na 12. A nan ana son adadin ya ragu aƙalla ninki 100. Alal misali, wanda ya fara da IU 1,200,000 dole ya sauko zuwa 12,000 ko ƙasa da haka. Idan bai kai ba akan dakatar da magani, domin da wuya ya yi nasara.

(d) Mako na 24. Idan har yanzu ana ganin ƙwayar, a nan ma sai a tsaya.

(e) Ranar kammala magani.

(f) Mako 24 bayan kammalawa, wanda shi ne awon tabbatar da waraka.

Wato ke nan a wancan zamani majiyyaci kan yi awo sau 5 ko 6, kuma kowane awo yana da hukuncin da ya rataya a kansa: a ci gaba, ko a tsaya, ko a rage, ko a ƙara. Magungunan telafirebir da bosefirebir da suka fito a 2011, waɗanda ake haɗawa da intaferon, su ma da irin wannan ƙa'ida suka zo. Mai shan telafirebir, alal misali, akan tsayar masa da magani idan adadin ya haura IU 1,000 a mako na 4 ko na 12.

4.3 Sauyin da Sababbin Magunguna Suka Kawo

A watan Disamba na shekarar 2013 aka amince da sofosbubir a Amurka. Shi da ire-irensa ƙwayoyi ne na haɗiya waɗanda suke toshe hanyoyin da ƙwayar cutar ke bi ta hayayyafa, ba tare da sun dogara ga zaburar da garkuwar jiki ba kamar intaferon. Bayansa aka samu Harvoni a 2014, da Epclusa a 2016, wanda haɗin sofosbubir ne da belfatasbir, sai kuma Mavyret a 2017. Akwai kuma haɗin sofosbubir da daklatasbir, wanda ya fi yaɗuwa a ƙasashe masu tasowa saboda araharsa. Waɗannan magunguna mako 8 zuwa 12 akasari ake shan su, illarsu kaɗan ce, kuma suna warkar da fiye da kashi 95 cikin 100.

Da farko likitoci sun ci gaba da bin tsohuwar al'ada. Ƙungiyoyin likitocin hanta da na cututtuka masu yaɗuwa na Amurka sun shawarci a yi awo a mako na 4, idan an ga ƙwayar a sake a mako na 6, a dakatar da magani idan adadin ya ninka fiye da sau 10. Amma da aka tara bayanan dubban majiyyata sai ta bayyana cewa awon tsakiyar magani ba ya sauya komai. Kusan kowa adadinsa kan faɗi warwas cikin makonnin farko, kuma waɗanda aka ga ɓurɓushin ƙwayar a jininsu a mako na 4, har ma wasu a ranar kammalawa, mafi yawansu sun warke sarai. Su kuwa 'yan kaɗan da maganin ya gaza a kansu, akasari ƙwayar takan ɓace ne yayin shan magani, sai bayan an daina ta dawo. Ke nan awon da aka yi ana tsakiyar magani ba zai iya nuna su ba.

A bisa wannan dalili ne Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta shekarar 2018, ta ba da shawarar a yi wa duk baligin da ke ɗauke da cutar magani da irin haɗin da ke aiki a kan dukkan rukunoni, ba tare da ta sanya awon tsakiyar magani cikin sharuɗɗa ba. Ƙungiyoyin Amurka su ma sun fitar da sauƙaƙƙen tsari a 2019 wanda babu awon mako na 4 a cikinsa.

Wani bincike mai suna MINMON, wanda aka wallafa a 2022, ya ƙara ƙarfafa wannan matsayi. An gudanar da shi a Amurka da Birazil da Afirka ta Kudu da Tailan da Yuganda. An miƙa wa kowane majiyyaci ƙwayoyi 84 na haɗin sofosbubir da belfatasbir a rana ɗaya, ba a sanya masa ranar dawowa asibiti ko gwajin jini ba a tsawon shan maganin, sai dai an tuntuɓe shi daga nesa sau 2. Daga cikin mutum 399 da suka fara magani, 379 sun warke, wato kashi 95 cikin 100.

4.4 Lokutan Awo a Yau

Daga abin da ya gabata, majiyyacin da ba shi da wata matsala ta daban awo biyu ne suka zama wajibi a kansa.

4.4.1 Awon Kafin Fara Magani

Wannan shi ne yake tabbatar da cewa ƙwayar tana jiki. Kuskure ne a ɗora mutum a kan magani bisa gwajin garkuwa kaɗai, domin mai yiwuwa yana cikin waɗanda jikinsu ya riga ya kawar da cutar. Girman adadin bai cika shafar zaɓin magani ba. Inda yake da tasiri shi ne ga Harvoni: mai rukuni na 1 da bai taɓa shan magani ba, hantarsa ba ta taurare ba, kuma adadinsa bai kai IU miliyan 6 ba, ana iya ba shi mako 8 maimakon 12.

4.4.2 Awon Tabbatar da Waraka

Masu iya magana kan ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Muddin magani yana jiki, ƙwayar a danne take, saboda haka rashin ganin ta a wannan lokaci ba hujja ba ce. Sai an janye magani an jira, idan akwai sauranta a hanta za ta sake hayayyafa ta bayyana a jini. An gano cewa kusan duk wadda za ta dawo cikin mako 12 take dawowa, shi ya sa aka rage jiran daga mako 24 zuwa 12. Wanda ba a ga ƙwayar a jininsa ba mako 12 ko fiye bayan ƙwayar magani ta ƙarshe ya warke, kuma waɗanda cutar kan dawo musu bayan wannan ba su kai kashi 1 cikin 100 ba.

Ana yawan kuskure wajen lissafin wannan rana, domin wasu daga ranar fara magani suke ƙirgawa. Alal misali, wanda ya fara shan maganin mako 12 ranar 1 ga Janairu, 2025, zai sha ƙwaya ta 84 ranar 25 ga Maris. Awonsa na waraka bai kamata ya zo kafin 17 ga Yuni ba. Jinkirta shi da 'yan makonni ba ya ɓata sakamako, gaggauta shi ne yake iya yaudara.

4.4.3 Matsayin Awon Tsakiyar Magani

Ba a hana wannan awo ba, sai dai ba dole ba ne. Wasu likitoci kan yi shi a mako na 4 domin su tabbatar majiyyaci yana shan maganinsa, ko domin ƙarfafa masa guiwa. Amma yana da haɗarinsa. Wanda aka ce masa ba a ga komai ba zai iya ɗauka ya gama, ya ajiye sauran magani ko ya ba wani, nan kuwa cutar ta dawo. Wanda kuma aka ce an ga saura zai iya karaya ya koma neman wani magani na daban. Saboda haka duk likitan da ya yi wannan awo wajibi ne ya bayyana wa majiyyaci cewa kowane irin sakamako ya fito, sai an shanye maganin.

4.5 Inda Ake Buƙatar Ƙarin Awo

Akwai wasu halaye da suke fitar da majiyyaci daga wancan tsari na awo biyu. Na farko shi ne yankewar magani. Jagorar Amurka ta nuna cewa wanda ya tsallake kwana 7 ko ƙasa da haka ya ci gaba da sha kurum. Wanda ya tsallake kwana 8 ko fiye kuwa akan auna jininsa, domin sakamakon ne zai taimaka a san ko za a ƙara masa tsawon magani. Na biyu shi ne shan wani magani da ke rage ƙarfin na hanta, kamar rifamfisin na tarin fuka da kabamazefin na farfaɗiya, waɗanda tun asali ba a haɗa su da waɗannan magunguna. Na uku shi ne wanda magani ya taɓa gazawa a kansa, ko wanda hantarsa ta yi mummunar lalacewa, ko aka yi masa dashe. Irin waɗannan a hannun ƙwararren likitan hanta suke, shi ne zai tsara musu lokutansu.

Haka kuma rage awon ƙwayar cuta ba ya nufin a bar majiyyaci ba kulawa. Mai ciwon suga ana lura da sugansa, domin yakan sauka idan hanta ta fara farfaɗowa. Mai shan wafarin na tsinka jini shi ma ana bibiyar jininsa. Mafi muhimmanci shi ne a gwada ciwon hanta nau'in B kafin a fara, domin a shekarar 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa nau'in B kan iya tasowa da ƙarfi yayin da ake kashe nau'in C.

Bayan waraka, wanda ba ya cikin haɗarin sake kamuwa ba ya buƙatar maimaita awo. Amma warkewa ba ta hana sabon kamu, kuma babu allurar rigakafin nau'in C. Don haka masu tu'ammali da allurar maye da makamantansu ana auna su aƙalla sau ɗaya a shekara. Wanda hantarsa ta riga ta taurare kuwa zai ci gaba da yin hoton ciki duk wata 6 saboda sankarar hanta, ko da ƙwayar ta tafi.

4.6 Yadda Al'amarin Ya Shafi Nijeriya

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 50 ne ke ɗauke da wannan cuta a duniya, kuma ta kashe kimanin 242,000 a wannan shekara. A Nijeriya, binciken ƙasa na shekarar 2018 kan cutar ƙanjamau, wanda ya haɗa da ciwon hanta, ya nuna kashi 1.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna da nau'in C, kashi 8.1 kuma suna da nau'in B. Wannan adadi na biyu ya nuna cewa gwajin nau'in B kafin fara magani ba abin wasa ba ne a ƙasar nan.

Akasarin majiyyata daga aljihunsu suke biyan kuɗin gwaji da na magani, kuma na'urorin PCR sun fi yawa a manyan asibitocin birane. Mutumin ƙauye kowane awo yana nufin kuɗin mota da asarar yinin aiki, ban da kuɗin gwajin kansa. Wanda aka sa ya yi awo a mako na 4 da na 8 da ranar kammalawa zai iya zuwa lokacin awon waraka hannunsa babu komai, alhali wannan shi ne awon da ba a iya maye gurbinsa da wani. Abin da ya fi dacewa shi ne tun ranar farko a sanar da shi cewa awo biyu ne, a rubuta masa ranar na biyun, ya yi tanadi. Na'urorin GeneXpert da aka rarraba domin gwajin tarin fuka suna iya yin wannan awo idan an samar da kayan aikinsa, kuma hakan zai rage nisan tafiya.

Har ila yau akwai batun gwajin kafin aure. A shekarar 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta wa masu niyyar aure wasu gwaje-gwaje, ciki har da na ciwon hanta nau'in B da C. Gwajin gaggawa da aka fi yi na garkuwa ne, wanda kan ci gaba da nuna alama ga wanda ya warke, sau da yawa har ƙarshen rayuwarsa. Idan ma'aikacin lafiya da iyalai ba su san wannan ba, za a iya fasa aure a kan cutar da babu ita. Takardar sakamakon awon mako 12 bayan magani ita ce shaidar irin wannan mutum, don haka ya kamata ya adana ta.

Ƙasar Masar ta nuna amfanin sauƙaƙa tsari. Tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yi wa katutu, sanadiyyar allurar maganin tsargiya da aka riƙa yi wa jama'a da sirinjin da ba a tsabtace sosai ba tun daga shekarun 1950 zuwa na 1980. A watan Oktoba na 2018 ta ƙaddamar da gagarumin shiri inda aka gwada mutum kusan miliyan 50 cikin 'yan watanni, aka ba waɗanda aka tabbatar suna da ƙwayar magani kyauta. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta matsayin zinare a kan hanyar kawar da cutar, kuma ita ce ƙasa ta farko da ta samu wannan matsayi.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an bambance gwajin garkuwa da awon yawan ƙwayar cuta, an kuma nuna cewa yawaita awo a zamanin intaferon ya samo asali ne daga wahalar maganin da ƙarancin nasararsa. Da zuwan sababbin magunguna tun daga 2013 wannan dalili ya kau. Awon da ya rage wajibi shi ne na kafin fara magani da na mako 12 bayan kammalawa, sai kuma wanda likita ya ga dacewarsa saboda yankewar magani ko wata matsala ta musamman. Babi na gaba zai dubi matsalolin da kan hana majiyyata dawowa yin awon ƙarshe, da hanyoyin magance su.